Injin Arlen da Sunan Eino

Arlen Sundquist ba ya zuba wa injinsa fetur sai ya shinshina shi tukuna. Yakan buɗe bakin galan, ya kai hanci, ya yi shiru kamar mai sauraren magana daga nesa. In ƙamshin man ya juya, sai ya ture shi gefe na wankin ƙarafa, ya haɗa sabo, ya auna baƙin mai a ciki da ɗan kofinsa. Matarsa Marlys takan ce ko miyarta bai taɓa shinshinawa haka ba.

Injin na huda ƙanƙarar tafki ne in ya daskare da sanyi, don a kama kifi ta ramin, irin na da, mai shan fetur, wanda ake tayarwa da igiya. Ya saye shi tun yana aiki a ramin haƙar ƙarfe. Kafin ya saya sai da ya cinye lokacin sanyi guda yana zagaya tafki, yana tsayawa kan masu kamun kifi, yana kallon nasu yadda yake cin ƙanƙara, yana ɗagawa ya ji nauyi. A ƙarshe ya ɗauki mai faɗin inci takwas. Da mai kanti ya nuna masa mai goma, sai ya ce a'a, ramin goma ƙafar mutum na shigewa, shi kifi ya zo nema ba karaya ba.

Ya riƙe injin nan da kyau. Bai taɓa buga wuƙaƙensa a ƙasa don ya kakkaɓe ƙanƙara ba, da tsohuwar safa yake sharewa, ya mayar musu da murfi. Ba ya huda kusa da hanyar da motoci ke bi a kan tafki, saboda yashin da tayoyi ke zubarwa yana dakusar da wuƙa nan take. Ba ya ba da aro. In ka roƙa, sai ya ce, "Nuna min wurin." Ya zo da kansa, ya huda maka, ya kwashe dusar ƙanƙarar da ta taru a bakin ramin da gefen takalminsa, ya wuce kafin ka gama godiya.

Da haka ya zama shi ne mai huda wa tsofaffi da matan da mazansu suka rasu a ranar kamun kifi ta coci, wadda ake yi in sanyi ya kusa juya baya. Ba wanda ya naɗa shi. In aka ji kukan injinsa daga bakin tafki, mata sun san lokacin ɗora mai a wuta ya yi.

Da injuna masu batir suka shigo gari, marasa nauyi, marasa ƙara, waɗanda ake danna wa maɓalli kawai, Arlen ya raɗa musu suna maburgi. A shagon gahawa, inda tsofaffin ma'aikatan rami ke zama da safe a teburin bakin taga, ya sha faɗa wa abokinsa Duane, wanda ya sayi ɗaya, cewa ya mayar wa matarsa kayan girkinta.

"Kai dai tsaya nan da dodonka," in ji Duane. "Ranar da zai karya maka baya ni zan kai ka asibiti, a kan maburgin."

Ba baya ba ne ya fara, kafaɗa ce. Da kaka Arlen ya zame daga tsani yana share ganye a kan rufi, ya tashi ya kakkaɓe wando, bai ce wa kowa komai ba. Hannun dama ya ci gaba da ɗaukar cokali da riƙe sitiyari. Abin da ya daina shi ne fizga. Injin irin nasa kuwa ba ja yake so ba, fizga yake so, ta farat ɗaya.

Da tafki ya daskare, ya fito da injin gareji, ya ja igiya, ta biyo shi a hankali kamar mai jin barci. Ya sake. Ya gwada da hagu. Injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru.

Sai ya kai shi wurin Eino Rautio, ɗan asalin ƙasar Finlan, makaniken ƙananan injuna, wanda shagonsa ke bayan gidan mai. Eino ba mai magana ba ne. Da aikin sanyi yake ci da iyalinsa: zarton inji, babur ɗin kan ƙanƙara, injin share dusar ƙanƙara. Ya wanke kafireto, ya sauya filogi, ya tayar da injin a gaban Arlen har shagon ya cika da hayaki. Arlen ya biya, ya kai gida. A gida injin ya ƙi tashi.

"Shiru muke ji bana," in ji Duane wata safiya. "Ko dodon ya mutu ne ba a gaya mana jana'iza ba?"

Teburin ya yi dariya. Arlen ya juya cokali cikin gahawarsa.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce, "kafin Eino ya taɓa shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a ranar. Amma maganar injin in ta fito daga bakin Arlen ba a tambayar shaida.

Ya sake mayar da injin wurin Eino. Eino ya kwance, ya duba, ya ɗaure, ya fizga, injin ya tashi. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yana kallon yadda Arlen ya sunkuya ya ɗaga injin da hagu, ya tallafe da gwiwa.

"Arlen," ya ce a hankali, "akwai masu batir yanzu da ba su da laifi. In kana so ka gwada nawa, ba wanda zai..."

"Ni za ka ba maburgi?"

Eino ya koma kan aikinsa. Washegari a teburin taga maganar ta yi tsawo. Arlen ya ce yanzu ya gane, mutumin so yake ya kashe tsofaffin injuna don ya sayar da na batir. Yana faɗa yana jin kunnuwansa na zafi, amma bai tsaya ba.

Garinmu ƙarami ne. Wanda zartonsa ya lalace sai ya fara ɗaukarsa zuwa babban gari. Wani ya je ya karɓe injin share dusarsa daga shagon Eino ba a gama gyara ba, ya ce ya fasa. Dusar da ke ƙofar shagon takan kai azahar ba sawun kowa a kai sai na mai shi.

Wata rana da hantsi Marlys ta shiga gareji ɗaukar dankali, ta tarar da mijinta zaune kan bokiti, injin a jingine gabansa, yana murza kafaɗa. Da ya gan ta ya sauke hannu.

"Har yanzu?" ta ce.

"Har yanzu. Ya lalata min shi."

Ta ajiye kwanon dankalin. Ta yi shekara da shekaru tana ganin yadda ake yi. Ta dafa hannun injin, ta kama igiyar, ta fizga. Garejin ya ɗauki ƙara, gwangwanayen ƙusa suka hau rawa a kan kanta. Ta bar shi ya ɗan yi kuka, sannan ta kashe. Ba ta dube shi ba. Ta ɗauki kwanonta, sai da ta kai ƙofa ta ce, "Matar Eino ta daina zuwa koyon waƙa a coci. Ta ce wai mura."

Ya daɗe a kan bokitin nan.

Ranar kamun kifi ya so ya ce shi ma mura yake yi, amma Marlys ta riga ta ajiye masa rigar sanyi a kan kujera. Ya tafi hannu sake. Mutane sun taru a kan tafki da kujerunsu da fatsunansu, tsofaffin mata sun dunƙule cikin barguna suna jira. Can sai ga Eino ya taho yana jan ɗan kwandon kaya a kan ƙanƙara, da injinsa mai batir a ciki. Ba wanda ya kira shi. Ya zo har gaban Arlen ya tsaya.

"Ina za mu huda? Kai ka san ƙasan ruwan nan."

Arlen ya nuna da haɓa. Ya wuce gaba, Eino na biye. Inda ya tsaya ya buga ƙafa, nan Eino zai kafa injin, ya danna, ruwa ya ɓullo baƙi ƙirin. Ba ƙara, ba hayaki. Har ana jin hirar mata.

"Kai ɗan Finlan!" Duane ya ɗaga murya daga kujerarsa. "Wannan dai kada ka gyara shi, ka ji? Bari mu samu na miya tukuna!"

Aka kwashe da dariya. Eino ya yi ɗan murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a cikin coci, ya ci gaba da aikinsa. Arlen na tsaye kusa da shi, kusan kafaɗa da kafaɗa. Kowa na nan, fasto ma na nan. Ya buɗe baki, tururi ya fita. Sai ya sunkuya ya gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Da aka gama wa kowa, Eino ya huda ɗaya a gefe, inda akwai zurfi, ya ce, "Wannan naka ne." Arlen ya zauna a kai har yamma. Kifi ya ja fatsarsa sau biyu ko uku, bai ɗaga ba. Da aka kawo masa soyayyen kifi da dankali ya ce ya ƙoshi.

Daga ranar ya daina zama a shagon gahawa. In ya hango motar Eino a gidan mai sai ya wuce, ya sha a gaba. Marlys ba ta sake tayar da maganar ba, shi ne ya tayar, wata safiya yana ɗaure takalmi, bai ɗago kai ba.

"In na je shagonsa na ba shi haƙuri, mu biyu ne kawai muka ji. A teburin gahawa na faɗa."

"To."

"Zan kai injin can. In sa Duane ya ja da hannunsa, kowa ya ga lafiyarsa ƙalau."

"To, Arlen."

Ya wasa wuƙaƙen, ya goge jikin injin, ya ɗora shi a bayan akori-kurarsa, ya rufe da tamfol. Da safe yakan tuƙa zuwa cikin gari, ya tsaya tsallaken titi daura da shagon gahawa. Ta taga yana ganin kawunansu, da hular Duane, da kujerarsa da ba wanda ya zauna a kai. Sai ya tuna yana bukatar ƙusa, ko gishirin narkar da ƙanƙara a ƙofar gida. Gobe ma rana ce.

Sau ɗaya ya fito har ya sauke ƙyauren bayan motar, ya jawo injin rabi. Mai shagon ta leƙo ta ce, "Arlen! Shigo mana, gahawa na da zafi!" Ya ɗaga mata hannu, na hagu, ya tura injin ciki, ya ce yana zuwa.

Ƙanƙarar tafki ta yi duhu, ta fara tsagewa daga gefe, aka janye bukkokin kamun kifi zuwa tudu. Wasu sun koma kai wa Eino aiki, don babban gari da nisa. Wasu ba su koma ba. Arlen ya rasu cikin watan Afrilu, a kujerarsa, bayan abincin rana.

Bayan jana'iza Duane ya zo taya Marlys gyara wa motar wuri a gareji. Ya ɗaga tamfol ɗin don ya naɗe, sai ya tsaya.

"Ikon Allah. Me dodon ke yi a mota, ƙanƙara ta narke tun yaushe?"

Marlys ta dubi injin, murfi a kan wuƙaƙensa, an ɗaure shi da igiya don kada ya gangara.

"Akwai inda zai kai shi," ta ce.