Bindigar da Baba Ya Zaɓa Mini

Ko da zan manta da komai na zamana a New York, akwai wata Asabar ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ita ce ranar da mahaifina ya raka ni sayen bindiga, ya kuma zaɓa mini ita ba tare da ko yatsansa ya taɓa ta ba.

Mahaifina tsohon sufeton 'yan sanda ne, kuma kusan duk shekarun aikinsa ya yi su ne yana koya wa kurata harbi. Muna yara a bariki, yakan tafi da yayyena maza biyu filin harbi, su dawo suna mitar rana da ƙishirwa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina bin su da ido, raina kamar ya bi su. Ban taɓa cewa a tafi da ni ba. A ganina ba maganar da 'ya mace za ta tari ubanta da ita ba ce, balle uba irin nawa, wanda in ya yi sallama har rediyo ake rage wa murya.

Na girma, na karanci harhaɗa magunguna, aiki ya kawo ni wani asibiti a unguwar Bronx, na kama gida a titin Grand Concourse. Wata abokiyar aikina 'yar Jamaika ce ta fara jan ni zuwa kulob ɗinsu, inda ake rataye takarda mai baƙin da'ira a nesa a riƙa harbinta don gwada saiti. Doguwar bindiga suka ba ni, saboda dokar nan ba ta yarda marar lasisi ya ko riƙe ƙarama ba. Harbin farko da na yi, ƙaurin da ya tashi ya mayar da ni bariki, domin shi ne warin da nake ji a jikin kakin Baba in ana wanki. Daga nan na nemi lasisin ƙaramar bindiga. Na yi kwas, aka ɗauki hoton yatsuna, aka yi mini tambayoyi kamar mai neman aure, na yi wata da watanni ina jira. Duk wannan ban faɗa wa kowa a gida ba.

Lasisin ya fito ana saura 'yan kwanaki Baba ya iso. Ciwon zuciya ne ya kawo shi ganin likita, kuma tunda mahaifiyarmu ta rasu, shi kaɗai ya zo. Da na tarbo shi a filin jirgi sai na ga duk ya canza. Mutumin nan da na sani a miƙe kamar sanda ya ranƙwafa, hannunsa na dama yana rawa har shayi na zuba in ya ɗaga kofi.

Wata safiya na fito daga kicin na tarar da shi zaune da abin toshe kunnena na harbi a kan cinyarsa. Yana neman bargo ne a kabad ya ci karo da shi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, wannan na wane ne?"

Na so in ce na wurin aiki ne, amma wa zan yi wa ƙarya a kan kayan harbi? Na durƙusa na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa. Can ya ce, "Kin sayi bindigar?" Na ce tukuna. Ya ajiye abin a gefe ya ce, "To yaushe za mu?"

Shagon yana can arewa, bayan an fita daga birni. Lokacin kaka ne, ganyen bishiyoyin bakin hanya duk ya rine ja da ruwan ɗorawa. Baba ya saka farar shaddarsa da hula, ya ɗora jibgegiyar rigar sanyina a kai, wadda ko wuyan hannunsa ba ta kai ba. Mai shagon wani dattijon Bature ne mai tabarau a bakin hanci. Na nuna masa lasisina na ce ina son mai lamba ashirin da biyu. Ita ce ta masu harbin takarda: harsashinta ɗan mitsitsi ne, ba ta da ƙara sosai, ba ta kuma ture hannu da ƙarfi, sai mutum ya yini yana gwaji bai gaji ba.

Ya fito da guda uku daga cikin gilashi, ya buɗe kowacce ya nuna mana babu harsashi, ya jera su a kan wani ƙyalle. Kafin in ankara, hannun Baba ya miƙe. Hannun da ya yi shekaru yana wannan aiki, ai ba ya jiran izini. Mai shagon ya yi saurin ɗora tafinsa a kan ƙyallen ya ce, cikin ladabi, "Yi haƙuri, yallaɓai. Mai lasisi kaɗai."

Har yau ina ganin yadda hannun ya tsaya a sama yana rawa. Na buɗe baki zan ce mutumin nan ya koya wa ɗaruruwa harbi, sai Baba ya ce da Hausa, "Ƙyale shi, Uwata. Gaskiyarsa. Ni ma da haka zan yi." Ya mayar da hannayensa baya ya haɗe su, irin tsayuwar fareti. "Ke ɗauka, ni in gani."

Ta farko ita ce ta shiga raina. 'Yar siririya ce, mara nauyi, mai sheƙi. Na ɗaga ta na auna bangon da mai shagon ya nuna mini. Baba bai kalli bindigar ba, wuyan hannuna yake kallo.

"Ajiye. Ta yi miki sakayau, bakinta sai yawo yake kamar jelar ɗan akuya."

Ta biyu libarba ce, mai gidan harsashi da ke juyawa, irin wadda ya saba da ita a zamaninsu, na kuma ga yadda idonsa ya tsaya a kanta. Na yi niyyar in ce ita nake so don in faranta masa. Amma ya sa na ɗora yatsa a kan kunama, ya leƙo ya ga da ƙyar yatsan ya kai, ya girgiza kai. "Wannan tawa ce, ba taki ba. Ajiye."

Ta uku ba ta da wani kyau. Baƙa ce, mai kaurin baki, mai nauyi. Na ɗaga ina ɓata rai. Ya ce in buɗa ƙafafuna kaɗan, in saki kafaɗa, in ja numfashi in fitar da rabi in riƙe sauran. Muryarsa ta canza, ta koma ta bariki, wadda a da nake jiyo ta daga nesa ana yi wa wasu. Sai na ga bakin bindigar ya tsaya cak.

"Kin gani? Nauyin nan shi zai riƙe miki ita. Wannan ce."

Mai shagon bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya cire tabaraunsa ya tambaye ni aikin da mahaifina ya yi. Da na faɗa masa, ya zagayo daga bayan kanta ya ba shi hannu.

Ba a ba ni ita a ranar ba, don akwai sauran takardun hukuma. A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango dogayen gidajen Bronx. Can ya ce, yana kallon taga, "Yayyenki na yi ta ja, ko ɗaya ba ya so. Ashe mai so tana bakin ƙofa. Me ya hana ki faɗa mini?"

Na ce, "Baba, tsoro nake ji."

Ya ce, "Ni kuma ban tambaya ba."

Kafin takardun su kammala, likita ya sallame shi ya koma Kano. Bai taɓa ganin na harba ta da idonsa ba. Sai dai duk Lahadi in na dawo daga kulob, nakan kira shi ta bidiyo in ɗaga masa takardar. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar, ya ce, "Kina fizgar kunama. Matsa ta a hankali, ba gudu za ta yi ba." Mun yi alkawari in ya dawo ganin likita zai zauna a bayana ya kalla. Watansa bakwai da komawa Allah ya karɓi abinsa.

Har yanzu ina zuwa kulob. Ranar da harsasaina suka taru wuri ɗaya, nakan naɗe takardar in fito da ita, sai na kai bakin mota in tuna babu wanda zan nuna wa. Shekara talatin muka yi ni da shi muna son abu ɗaya, kunya da tsoro suka bar mana wata bakwai kacal. Abin da na koya shi ne, in kana da maganar da kake son faɗa wa mahaifinka, faɗa masa tun yana jin ka, ko da muryarka na rawa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.