Malam Souley da Makunnin Kat-kat

Duk wanda ya ɗan zauna a unguwar Stapleton ta New York ya san Malam Souley, ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne siriri, rawani a wuya ko da zafi ko da sanyi. Akwai wata farar a-kori-kura da ke tsayawa ƙofar shagon matarsa Iyatu. In ya zo wucewa ta gefenta sai ya kau da kai, kamar wanda ya haɗu da abokin gaba a makabarta. Makullin motar nan a aljihunsa yake a da. Yadda ya fita daga aljihun shi ne abin da har yau bai huce ba.

Mutumin Agadas ne. Ƙuruciyarsa duk a kan hanyar Dirku da Bilma ta ƙare, yana kai gero da sukari da ganyen shayi, yana dawowa da gishiri da dabino. Hanya ce da ba kwalta, ba alama, sai rairayi da ƙasusuwan raƙuma. Can ya koyi mota mai jan ƙafa huɗu, wadda mutanensu ke ce wa kat-kat. In ƙasa ta yi laushi, direba zai sauka ya rage iskar tayoyi, ya koma ya ja sandar kurabo, wato ƙaramar giyar nan da ke ɗaure ƙafafun gaba da na baya su ja tare. In tudu ya tare shi, ya ja da baya, ya taho da gudu, kada ya ɗaga ƙafa daga totur sai ya ga abin da ke bayan tudun. Da wannan ilimi ya ci abinci, ya yi aure, bai taɓa barin fasinja a daji ba.

Da ya zo New York, tebur ya kafa a bakin titi yana sayar da agogo da jakunkuna, har gwiwoyinsa suka fara ƙara. Bayan Iyatu ta biyo shi ta buɗe shagon kayan miya, kuka da daddawa da busasshen kifi da manja saboda 'yan Gana, sai ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura ja mai sanda a ƙasa, irin wadda hannunsa ya sani. Ita ke ɗauko wa shago kaya, ita ke kai wa mutane buhunan shinkafa har gida. Lokacin sanyi yakan tsaya yana kallon motocin hukuma suna watsa gishiri a titi, ya girgiza kai, ya ce abin da suka yi ta kwana a daji dominsa ne ake zubarwa ƙarƙashin takalma. To, gishirin nan ne ya cinye masa jar motar ta ƙasa, tsatsa ta huda ta har masu duba lafiyar mota suka ce ba za ta ƙara hawa titi ba. Kafin nan ma, a sanyin da ya gabata, ta taɓa zamewa da shi ta kwashe shingen wani maƙwabci.

'Yarsa ta fari, Firdaoussi, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ta ga abin da faɗuwa ɗaya ke yi wa mai shekaru. Mijinta Abdoulaye bakanike ne, ɗan Maraɗi, mutum mai kunya kamar amarya. Su suka kawo farar motar, takardu da inshora duk da sunan Abdoulaye. Ba ta da sanda a ƙasa. Wani ɗan makunni ne a gefen sitiyari kamar na rediyo: ka murɗa nan, ƙafa biyu, ka murɗa can, ƙafa huɗu a ɗaure, a tsakiya kuma akwai oto, inda motar da kanta ke kama ƙafafun gaba in ta ji na baya sun zame, ta sake su in ta ji sun kama ƙasa. Sharaɗin ta bakin Iyatu ya iso: a bar makunni a kan oto, kuma in aka sake samun ko ƙwarzane ne a cikin ƙanƙara, makulli ya koma wurin masu shi.

Ranar Malam Souley bai ci tuwo ba. Ya ce shi da ya tuƙa inda ba a ganin komai sai sama da ƙasa, yau shi ake kafa wa sharaɗi a kan titin da aka shafe da kwalta aka zana masa layi kamar littafin 'yan makaranta.

"Wai mota za ta ji ƙasa? Da mi za ta ji, da hanci?" ya ce wa Iyatu. "Sai taya ta zame tukuna sannan ta tuna da kurabo. Direban da ke jiran taya ta zame, a hamadar Tenere tuni an yi masa sadakar arba'in."

Iyatu ta ce Malam ya yi haƙuri, yara ne, alheri suke nufi. Ya ce alherin da ke zuwa da igiya a wuya na akuya ne.

Da dusar ƙanƙara ta fara zuba, ya yi abin da ya sani. Ya durƙusa da tsinken ashana ya rage iskar tayoyi. Ya murɗa makunni zuwa ƙafa huɗu a ɗaure, ya bar shi nan, ko titi na da ƙanƙara ko an share shi ya bushe. Motar takan yi gurnani in ya sha kwana, tayoyi suna tsalle-tsalle a kan kwalta. Shi a ganinsa raki ne irin na motar zamani.

Abdoulaye ya ji gurnanin nan tun daga bakin layi, kuma ya san abin da yake nufi. Amma yaya zai yi? Suruki ne. In ya zo gaisuwa da safe, a bakin ƙofa yake durƙusawa, bai taɓa zama a kujerar falon ba, bai taɓa kai loma baki a gaban tsohon ba. Mutum ba ya buɗe baki ya koya wa uban matarsa tuƙi. Sai ya zaunar da Firdaoussi ya yi mata bayani filla-filla: ƙanƙara ba rairayi ba ce, ƙafa huɗu, ko na hannu ko na oto, wajen tashi yake taimaka wa mota, ba ya ƙara mata birki ko kaɗan, in kuma an ɗaure su, mota ba ta son shan kwana, gaba take so ta miƙe. Ya ce don Allah ta isar wa Baba.

Firdaoussi kuwa 'yar fari ce. Ubanta ko sunanta ba ya kira, sai dai "yarinyar nan". A wurin aiki tana iya tsayawa ta faɗa wa likita gaskiya da Turanci, amma a gaban Malam Souley harshenta nauyi yake yi. Ta kai wa uwarta, ta rage rabi. Iyatu ba ta san birki da totur ba, amma ta san mijinta. Ta tace maganar, ta sake tacewa, ta jira ya sha shayi, sannan ta ce:

"Malam, yara sun ce ka riƙa tafiya a hankali."

Ya ce ya ji, a gaya musu su ma su riƙa tauna abinci kafin su haɗiye.

Daga nan aka shiga yaƙin da ba a magana. Abdoulaye na da makulli na biyu. Kafin ya wuce gareji sai ya tsaya ya cika tayoyi, ya mai da makunni kan oto, sannan ya shiga ya durƙusa ya ce ina kwana Baba. Tsohon ya amsa lafiya lau, ya tambayi aiki, ya sa albarka. Yaro na fita, shi ma ya fita da tsinken ashanarsa. Haka suka yi ta yi, ɗaya na hurawa ɗaya na sacewa, kowa ya san kowa ya sani. Kullum Malam Souley ya tarar da makunnin a tsakiya sai ya ji kamar an shiga ɗakinsa an juya masa filo.

Sai ga wata safiya bayan ƙanƙara ta zuba, ta ɗan narke, sanyi ya sake kama ta. Hajiya Nimatu, wata 'yar Kumasi da ke zaune bayan tudun da ke saman unguwar, tana da bikin suna, ta yi odar shinkafa da mai da manyan tukwane. Iyatu ta leƙa waje ta ce wa Malam ya dakata Abdoulaye ya taso daga aiki ya kai. Da ta yi shiru, wataƙila da ya dakata da kansa. Jin sunan Abdoulaye sai ya miƙe ya ɗauki hula.

A gindin tudun ƙananan motoci ne cirko-cirko, tayoyi na juyawa a banza, masu su sun fito suna waya. Malam Souley ya dube su kamar yadda yakan dubi sababbin direbobi a hanyar Bilma. Ya ja da baya, ya yi bisimilla, ya taka. Motar ta kama tudun ta haye, ta wuce su ɗaya bayan ɗaya, buhuna na rawa a baya. Rabon da ƙirjinsa ya buɗe haka tun yana da baƙin gemu. Har ya ɗan bugi sitiyari da tafin hannu, karo na farko da ya taɓa ta da daɗin rai.

Sai dai bayan tudun rairayi, rairayi ne. Mota na nutsewa kaɗan, ƙasa ta riƙe ta, ta sauko da kai a hankali kamar uwa. Bayan wannan tudu kuwa gangara ce mai kwana, ƙanƙara ta kwanta a kanta kamar gilashi. Ya taka birki, birkin ya yi ta kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya karya sitiyari hagu, motar ta ce ita gaba ta sani. Yana ji yana gani, ƙafafun nan huɗu da ya ɗaure da hannunsa suka tafi da shi tare, ba gardama a tsakaninsu, har jikin wata katangar dutse. Jakar iska ta fashe masa a fuska ta fasa masa leɓe. Buhu ɗaya ya yage, shinkafa ta watsu a ƙanƙara, ba ka bambance wannan da wannan. Allah ya kiyaye, ba kowa a gefen titin.

Abdoulaye ya iso tare da motar janwe, wani Sadick ɗan Zangon Gana ke tuƙa ta, abokin aikinsa a gareji. Abdoulaye ya tambayi jikin Baba, ya dubi tayoyi, ya leƙa ya dubi makunni, ya sunkuyar da kai. Sadick kuwa ba surukin kowa ba ne. Ya leƙa shi ma, ya saki dariya.

"Alhaji, wa ya sa ka kulle ta ka shiga kwana? Wannan na tafiya ne, ba na tsayawa ba. Ai ga malamin abin, surukinka, kusa da kai, kullum sai ya ishe mu da zancen nan a gareji, har mun haddace."

Malam Souley ya cire tsumman da ya danne leɓe da shi. Tun da aka ɗaura auren nan bai taɓa kallon surukinsa ido cikin ido ba, sai ranar.

"Ka san wannan?"

"Na sani, Baba."

"Har mutanen gareji sun haddace. Ni da ke cikin motar fa?"

"Na aika, Baba."

"Ka aika," ya ce. "Ni ina Bilma ne, da sai an yi mini aike?"

Bai shiga janwe ba, bai yarda a kira masa tasi ba. Da ƙafa ya gangaro, yana dafa shingayen mutane. A gida ya tsare Iyatu sai ta faɗa masa ainihin saƙon da aka ba ta. Ta faɗi abin da ta iya tunawa, sannan ta ce, tsakani da Allah, in da ta kawo masa shi duka, zai ji?

"Da na wanke shi tas, shi da mai aiko shi," ya ce. "Amma da na ji."

Ko gaskiya ce, Allah kaɗai ya sani.

Saura makulli. Ya zauna ya shirya, yana jira a zo a tambaya, ya tanadi maganganun da zai amayar. Firdaoussi ta zo da magani, ta duba leɓen, ta yi zancen sanyi, ta tashi ta tafi. Abdoulaye ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce ya jiki, ya tafi. Ba wanda ya ce makulli. Sharaɗin da su suka kafa, su kuma suka kasa buɗe baki su karɓa, suna jira ya ji kunya. Wannan ya fi katangar yi masa ciwo. Ya ce wa Iyatu an mai da shi kamar tukunyar da ta tsage, kowa na kewaye ta, ba mai ɗauka ba mai fasawa.

Ranar Juma'a Iyatu ta zuba tuwon da takan aika gidan 'yarta. Kafin ta ɗaure kwanon, ya zo ya ɗora makullin a kan murfi, ya ɗaure ƙyallen da kansa, ƙulli biyu. Tunda gidan aike ne, in ji shi, shi ma ya aika.

An gyara motar. Abdoulaye ke ɗauko kayan shago yanzu, ranar da ba shi da aiki. Malam Souley bai ƙara shiga cikinta ba, ko a kujerar gefe. Bas yake hawa, ko ya taka. A majalisar bayan masallaci yana nan a kan bakansa, cewa a kan gilashin nan oto ma da ta zame. Abdoulaye ya ce wannan kam mai yiwuwa ne Baba ya yi gaskiya. Ta bakin Iyatu maganar ta iso.

Abu ɗaya ya sauya. In Abdoulaye ya zo gaisuwa, tsohon kan nuna masa kujera, ya ce ya zauna ya faɗi abin da ke bakinsa. Shi kuwa ya ɗosana a gefen kujerar kamar a kan ƙaya, ya ce ba komai Baba. Sai tsohon ya yi tsaki, ya ɗauki rawaninsa ya fita. In ya zo daidai farar motar ya kau da kai, amma ƙafarsa ba ta kau ba, sai ta shuri tayar baya.

"Iska ta yi yawa," yakan ce, ba tare da ya tsaya ba.