Dariyar da Ta Ƙwace Min a Gidan Makoki

Wayyo 'yan ajinmu, yau da ƙasa za ta tsage da na shige!

Kun san yau ake addu'ar ukun kakanmu. Bayan azahar wani tsoho ya iso a kan babur daga Randagi, rigarsa duk jar ƙasa. Baba ya shigo da shi har ɗakin kakata Inna, wai abokin marigayi ne tun suna yara. Aka ce in kai ruwa.

Na durƙusa. Sai na lura yana murza kunnensa na hagu. Na dubi fuskarsa. Wallahi Lasau ne! Na tsohon wasan barkwancin talabijin da muke kallo a wayar Yaya, mai kukan ƙarya a gidan makoki don a zuba masa tuwo!

Ya ce, "Hajiya, ya ƙarin haƙuri?" Leɓensa ya fara rawa. Ya ja hanci. Sak yadda yake yi a wasan!

Na ciji mayafina. Ina! Dariya ta ƙwace min, har ruwan ya zube a tabarma.

Ɗakin ya yi tsit. Inna ta ce, "Hafsatu, lafiyarki?" Baba ya ce, "Tashi ki fita!"

Tsohon ya ɗaga hannu. Sai a lokacin na ga hawayen gaske ne, har sun jiƙa gemunsa.

Ya ce wa Baba, "Ƙyale ta, Sani. Ranar da matata ta rasu ma haka aka yi ta yi min dariya. Jikalle, ƙaro min ruwan."

Ga ni a bayan rumbu da kofi a hannu. Na kasa komawa.