Tokar da Na Aika Zandam

Laraba: Kano zuwa Birnin Kudu

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fita daga gida, a shekarun nan da kuɗin mai ya sa kowane ƙaramin akawu irina yake jin kansa attajiri. Jakata a kafaɗa, ɗan dako yana biye da ni da rabin buhun toka. A aljihuna akwai wasiƙar Baffa Idi, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni a Zandam. Ya ce albasar lambunsa ta ƙi bana, ganye duk ya yi rawaya, yana jin yunwa ce, in ƙaro masa takin nan na bara.

Takin kuwa ni na aika masa. A bayan unguwarmu akwai fili inda wasu suke ƙona tsofaffin wayoyin lantarki su ciri jan ƙarfe, su fasa batirin mota su narka dalma. Toka ta taru musu tuli, baƙa ƙirin, suna neman mai kwashewa. Ni kuwa ɗan manoma ne, na tashi na ga ana zuba tokar murhu a gona. Na ɗauki akori-kura biyu na cika su, na aika gida ina ta hura hanci.

Kiya-kiyarmu ta tashi ƙarfe shida da rabi, naira biyu kuɗin mota. A gadar Wudil ɗan sanda ya zunguri buhuna ya ce, "Mene ne wannan?" Na ce toka. Ya dube ni, ya dubi takalmina mai sheƙi, ya ce da direba, "Ja motarka, kowa da irin haukansa." Mun tsaya a Kiyako ƙarfe tara muka sha fura da nono ta kwabo goma, sha ɗaya saura muka shiga Birnin Kudu, mil tamanin da ɗoriya daga Kano.

Na sauka wurin Malam Sule, malamin gona, wanda muka yi firamare tare. Bayan mun ci tuwon dawa da miyar kuka na kwance masa buhun, don ya faɗa mini ko mota nawa lambun zai ci. Ya dumbuza ya murtsuke a tafin hannu, ya fita da ita haske. Sai ga ɗigo-ɗigon kore a ciki, da wasu ƙananan ɓarɓashi masu nauyi.

Ya ce, "Mutumina, ina ka samo wannan?"

Na faɗa masa. Sule mutum ne da ba ya barin tsokana ta wuce shi, amma ranar bai yi dariya ba. Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya ce, "Wannan ba tokar itace ba ce, guba ce. Gobe da ni za a tafi."

Alhamis: Gwaram da Zandam

Ƙarfe bakwai muka hau babur ɗinsa, buhun muka bar shi a ɗaure. Hanyar Gwaram a lokacin ba a cewa komai, sau uku ina sauka ina tura shi cikin rairayi. Sha ɗaya muka isa Gwaram, muka ci ƙosai na kwabo biyar a bakin kasuwa, da azahar muna Zandam.

Baffa ya tarye mu da murna, yana ce da maƙwabta, "Ga mai aiko da taki da mota ya zo." Inna Hajara, matarsa, ta kawo ruwa da dambu. Ni dai ina ta sunkuyar da kai.

Da la'asar muka gangara fadama. Lambun nan tun kakanmu ake ban-ruwa a cikinsa da jigo, da albasarsa aka saya mini allo da rigar makaranta. Na tarar da fangali bayan fangali, albasa ba ta wuce tsawon yatsa ba. Sule ya tumɓuke ɗaya, saiwar ta dunƙule ta yi baƙi. Ya haƙa da fartanya wuri huɗu a danshi, ko tana ɗaya bai gani ba. Ya tsallaka shinge ya sara sau ɗaya a lambun maƙwabci da ba a zuba tokar ba, ga su nan suna motsi.

Baffa ya ce, "Malamin gona, yunwa ce ko?"

Sule ya dube ni. Na gane ba zai ɗaukar mini wannan ba. Na tsuguna na ce, "Baffa, takin da na aiko ne ya kashe ta. Akwai dalma da jan ƙarfe a ciki. Ban tambayi kowa ba na aiko."

Baffa ya dubi fangalin. Sannan ya ce da Sule, "Damina nawa za ta wanke shi?"

"Baba, ƙarfe ba ya ruɓewa kamar kashin shanu. Sai dai a kankare ƙasar sama a kai ta nesa da rijiya da rafi, a binne. Ko an yi haka, kada a ci ganyen wurin nan, kada awaki su shiga. Shekara nawa, wallahi ban sani ba."

Na jira faɗa, har na so a yi mini shi. Baffa sai ya fara lanƙwasa yatsu yana kiran sunaye. Ashe gida biyar ya ɗiba wa a kwando, don kada ya ci alherin ɗansa shi kaɗai, uku daga cikinsu sun ajiye nasu sai damina su zuba a gonar dawa. Ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ku tashi, rana ba ta faɗi ba."

Muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa, bayan sallama, maganarsa ɗaya ce: "Takin da na ba ka kada ka zuba, na yi kuskure, ba shi da kyau." A gida na uku na buɗe baki zan ce nawa ne, ya take mini ƙafa. Wani dattijo da ya riga ya zuba a barkononsa ya faɗa masa maganganu masu zafi a gaban mutane, Baffa ya tsaya ya shanye su duka. Ban taɓa jin kunya irin ta yammacin nan ba.

Juma'a da Asabar: komawa

Juma'a tun da hantsi muna kankarar ƙasa, jakuna huɗu suna jigila zuwa wani tsohon kududdufi a kan tudu. Hannun akawu bai yi awa ɗaya ba ya yi bororo ya fashe. Kafin a tafi masallaci fangali shida kawai muka yi, cikin fiye da arba'in. Sauran Baffa ya sa aka kewaye da ƙaya.

Asabar ƙarfe shida na safe ya rako mu bakin gari. Na ce zan aiko da takin zamani da kuɗin 'yan ƙwadago. Ya riƙe hannuna mai ciwo, ya juya shi yana dubawa, ya ce, "Bana kada ka aiko da komai. Kai dai ka zo."

Sha ɗaya muna Birnin Kudu, ƙarfe huɗu na yamma na shiga gidana a Kano. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Sule da babur ɗinsa. Litinin na nemi hutun sati uku a ofis, na biya ta kasuwa na sayi fartanya.