Sunan Yarinyar da Nake Nema

Tun ina da cikin Ummi nake fargabar abu ɗaya: me zan zuba mata a kunne idan ta yi wayo? Ni a aji huɗu na tsaya. Sauran karatuna a littattafan wata marubuciya na haɗa shi, ina bin layi da yatsa. Akwai littafinta guda, na wata marainiya mai aikatau a gidan masu hali, wanda na karanta har bangonsa ya rabu. Da Ummi ta fara magana, shi nake gutsuro mata bayan isha, har ta kai ba ta barci sai ta ji shi. Na ce to, na huta.

Amma kafin littafi, ni Kaka Falmata na sani. Ƙauyenmu yana bakin kogi, gabas da Haɗeja, kuma idan ruwa ya fara janyewa kifi ya samu, a gaban murhun banda take yini har magariba ta wuce. Nan muke zagaye ta, don hayaƙin yana korar sauro. Da yatsunta take juya tarwaɗa, ko zafi ba ta ji, idonta na zubar da ruwa. Hausarta da ɗan gargada irin ta Barebari. Idan muka yi dariya sai ta ce duk wanda ya sake, kan kifi ne rabonsa. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe a jirgi, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne, ta sauke mana tatsuniya.

Wadda na fi so ita ce ta masunci mai waƙa. Wai duk wanda ya ɓace a cikin kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, idan ya bi muryar mutumin nan sai ya fito gida. Gari duka na ji da shi. Ashe shi ne yake bi yana zazzage kifin da ke cikin mali, tarkon kifin wata gwauruwa mai suna Hajjo, har yunwa ta kwantar da 'ya'yanta. Ranar da aka kama shi aka kore shi, aka kuma hana waƙarsa. Sai wata damina yaro ya ɓace a ruwa. Aka yi kira, aka kaɗa ƙwarya, shiru. Hajjo ce da kanta ta tsaya a bakin gaɓa ta rera waƙar, yaron ya biyo ta ya fito. Daga ranar aka mayar da waƙar, amma da sharaɗi: duk mai rerawa sai ya fara da sunan Hajjo.

Na tambayi Kaka ko an yafe wa masuncin ke nan. Ta harare ni ta cikin hayaƙi. "Wa ya ce miki? Yana can inda aka kore shi. Waƙar ce ba ta ci kifin kowa ba. Amma wanda ya rera bai ambaci Hajjo ba, to da shi aka ci."

Kaka ta rasu ban kai aure ba. Na manta da wannan tatsuniya sai bana, ranar da maƙwabciyata Maman Sadiku ta leƙo ta katanga da wayarta ta ce, "Maman Ummi, ba wannan ba ce gwanar taki?" Hoton hannun wata yarinya ne, da shatin dutsen guga a kai. 'Yar aikin marubuciyar ce, kuma marubuciyar ba ta musa ita ta ƙona ta ba, cewa ta yi ɓacin rai ne. Matar da ta sa na yi wa marainiyar takarda kuka.

Na tura littafin ƙarƙashin katifa. Ummi ta yi ta rigima, tana jan zanena, wai ina labarin yarinyarta. Na gwada yi mata wani, ta ce ba shi ba ne. Babanta ya ce in ƙona littafin kowa ya huta. Na ɗauko ashana, na kasa. Da shi na iya rubuta sunana daidai.

Ina wanke kifi ne ƙamshin banda ya taso daga gidan baya, sai na ji kamar Kaka na zaune kusa da ni. Na so a ce tana nan, in tambaye ta ko na fahimce ta, ko da za ta ce kan kifi ne rabona. Abin da na gane shi ne, zan iya ci gaba da ba Ummi labarin, amma ba zan ƙara kiran marainiyar da sunan da ke cikin littafi ba. Da sunan waccan yarinyar mai ƙunar hannu zan fara.

Sai dai ban san sunanta ba. Duk inda na duba, sunan marubuciyar ne da hotonta, ita kuwa 'yar aiki kawai ake cewa. Ummi tana jira, kullum ce mata nake gobe. Don Allah, wanda ya san sunan yarinyar nan, ya taimaka ya gaya mini.