Tawadar da ke Bayan Wuƙa

Baba Delmar Tidwell ya yi shekara arba'in yana tsaron shagon kayan aiki a garinmu, a gabashin jihar Tennessee. Da ya ajiye aiki bai zauna gida ba. Duk Asabar yakan kafa tebur a zauren taron masu tara wuƙaƙen aljihu, da gilashinsa mai ƙara girman abu da ɗan kwalban mai. Teburina na kusa da nasa, don haka nakan ji komai.

Abin da ya fi sani shi ne wuƙaƙen samfur, waɗanda wakilan kamfani suke yawo da su shago-shago a da, a naɗe cikin fata. Ba a wasa su, ba a yanka komai da su. A bayan ruwan kowace akan rubuta lambarta da tawada, don mai shago ya faɗi wadda yake so. Baba Delmar ya ga irinsu tun yana sabon ma'aikaci, a hannun masu su.

Wata Asabar wata mata mai suna Lorene Gaskin ta zo da naɗin fata. Mahaifinta ya rasu, kuma ya sha gaya mata cewa ya yi wakilcin kamfanin wuƙa kafin a haife ta. Tana so a ajiye wuƙaƙen a ɗakin tarihin gari da sunansa, amma masu kula da ɗakin sun ce sai da takardar shaida.

Ta warware fatar. Wuƙaƙe goma sha biyu, sai ƙyalli suke yi. Baba Delmar ya buɗe ɗaya, ya juya bayanta, ya buɗe ta biyu, ya cire tabarau.

"'Yata, wa ya goge su?"

"Ni ce, Baba. Jiya na wuni a kansu. Duk wani baƙin datti ne a bayansu, da ƙyar ya fita."

Hoyt, tsohon wanzamin da ke zama wajensa shan kofi, ya kama kai. "Wayyo! Dattin nan shi ne shaidar, baiwar Allah!"

"Kai Hoyt, rufe mana baki," in ji Baba Delmar. "Kai da ka wasa samfur ka fere dankali da ita?"

"Sau ɗaya ne fa!"

Lorene ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Ke nan na goge maganar babana da hannuna?"

Baba Delmar ya ci gaba da buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana shafa baki da babban yatsa. Babu wadda ta taɓa ganin dutsen wasa, amma ya ce wannan kaɗai bai isa ba, sabuwar wuƙar da aka manta a akwati ma haka take. Da ya zo kan wata mai mariƙin ƙashi da ruwa biyu, sai ƙaramin ruwanta ya ƙi buɗuwa.

"Wannan ta gagare ni," in ji Lorene. "Har farcena ta karya."

"Allah ya yi wa wuƙar nan albarka," ya ce.

Ya ɗiga mai kaɗan a gaɓar, ba a kan ruwan ba, ya jira, ya sa wani siririn ƙarfe ya ɗago shi. Ga lambobi huɗu nan a jere, har da bakwai a ciki, tawadar ta koɗe ta koma ja-ja. Ya daɗe yana dubanta da gilashi, don masu jabu ma sun iya rubutu. Tsatsa ce ta hau kan tawadar, ba tawadar ce ta hau kan tsatsa ba.

Ya miƙa mata gilashin. Ta duba, ta sake dubawa.

"Haka babana yake rubuta bakwai ɗinsa," ta ce.

Baba Delmar ya jawo takarda. Ya rubuta cewa wuƙa ɗaya samfur ce babu shakka, sauran kuma alamu sun nuna tafiyarsu ɗaya, amma an goge lambobinsu.

"Ba za ka ce duka ba, Baba?"

"Abin da idona ya gani nake rubutawa. Ɗaya ta ishe su, ai ba a ba ɗan kallo samfur, sai wakili."

Ta karanta takardar sau biyu, ta nemi ya gyara mata harafi ɗaya a sunan mahaifinta. Ya gyara, ya sa hannu.