Bargon da Ya Kwana kan Inji

A shekarun farko bayan Faransawa sun bar mulki, mijina yana tuƙa wani tsohon kamyo, babbar motar kaya, da suka bari. Motar ta wani ɗan kasuwar Maraɗi ce, mu dai wahalar ce tamu. Gero da gyaɗa yake ɗauka tsakanin Dakoro, Kornaka da Maraɗi, kuma a ƙofar gidanmu take kwana. Lokacin zafi ba ta da laifi. Amma da sanyi ya shigo sai man injin ya daskare kamar man shanu a ƙwarya, batir ɗin kuma ba shi da ƙarfin juya shi. Tura ta cikin yashin Dakoro kuwa, ko an tara majiya ƙarfin unguwa, aikin banza ne.

Dabarar masu tuƙi a lokacin ita ce kaskon wuta. Da magariba a cika shi da garwashi, a yayyafa toka don kada ya yi harshe, a tura ƙarƙashin injin, a lulluɓe gaban motar da tsofaffin buhuna. Gawayi kaɗai ke kai asuba. Karan gero kafin ka juya baya ya cinye. Na tsani aikin nan, don ni ke hura wutar har idona ya yi ja, sannan a kwashe a kai wa ƙarfe.

A sanyin wata shekara mahaifiyata, Inna, ta zo daga Mai Yara da tari da zazzaɓi. Malamin disfanser ya saurari ƙirjinta, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a kai ta likita Maraɗi gobe da safe, kada a kai jibi. Babu wata motar da za ta bar garin sai ranar kasuwa. Ke nan in tamu ba ta tashi ba, Inna ba ta da hanya.

Ranar kuwa aka yi sanyin da ko kaji sun ƙi fitowa. Gawayin da ya rage mana cikin kasko ɗaya ne, na zaga maƙwabta ban samu ko dunƙule ba. Da magariba mijina ya tsaya daga bakin ɗaki, don kunyar surukuta ba ta barinsa ya shiga, ya kira ni.

"Buhunan duk an cike su da gyaɗa," in ji shi. "In ba a ruhe motar da abu mai kauri ba, wuta kaɗai ba ta isa."

Na gane inda ya dosa. Bargon ulu ɗaya gare mu, kuma yana jikin Inna.

"Ka ɗauke kasko, ka ɗauke bargo? To mi ka bar mata? Ba ka jin tsoron Allah?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In ta kwana da ɗumi motar ta ƙi tashi, mi za mu yi gobe? Hwaɗa min."

Inna ce ta raba mu. Ta yaye bargon da hannunta, ta ce, "Ke, miƙa mashi. Dare guda ne. Na kwana a gona cikin abin da ya hi wanga."

Na miƙa masa ban kalle shi ba. Na kwaso duk zannuwana na jibga mata. Na gwada hura kara a ɗakin, hayaƙin ya tayar mata da tari har ta kasa numfashi, dole na kashe. Sai na kwanta a bayanta na rungume ta, ƙafafunta tsakanin nawa. Tana ta kakkarwa, ina ta addu'a, har daga baya kakkarwar ta lafa. Na gode wa Allah, na ce ta samu barci, ni ma barcin ya sace ni.

Kiran asuba ya tashe ni. Har yau ina jin zafin cewa ba motsinta ne ya tashe ni ba. Na kira ta, na girgiza kafaɗarta, na sa kunne a bakinta. Ina nan durƙushe na ji mijina ya murza makulli a waje. Motar da kullum sai an yi ta lallashi, ranar bugu ɗaya ta tashi.

Ya shigo tsakar gida da sauri, murna a muryarsa, bargon a hannu. "Ta tashi! Ungo, da zahinshi, naɗe ta mu tahi."

Na karɓa. Da gaske da zafinsa, yana warin gazuwal, man da motar ke sha. Na shimfiɗa mata shi tun daga ƙafa, yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, har na ja shi na rufe fuskarta.